Ku Tambaya Mu Amsa: Neman tsoffin kuɗin azurfa da na'urar gano ƙarfe

Wasiƙun wannan karo kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato neman tsoffin kuɗin azurfa a ƙasa da na'ura. Daga Garwa, Marwa, Ngaundare, Kusuri har Njamena an aiko. Mun haɗa waɗanda suka yi kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

Tambaya daga Garwa: Ƙanena ya dawo daga wajen haƙar zinariya a arewacin Chadi da na'urarsa, yanzu tana ajiye. Za ta yi mini aikin neman kuɗin azurfa, ko sai na sayi wata?

Amsa: Malam, za ta ji azurfa, amma za ta wahalar da kai. An ƙera na'urar masu zinariya ne don ta ji ɗan ƙwayar da bai kai ƙwayar gero ba a cikin dutse, shi ya sa firikwensinta, wato saurin kaɗawar siginar da take aikawa ƙasa, yake da yawa. Gold Monster 1000 tana aiki a kilohaz 45, Gold Bug 2 a kilohaz 71. Manyan irin su GPX kuwa suna zurfi sosai, sai dai ba su iya bambance ƙarfe da kyau. A jeji inda ba a taɓa zama ba wannan ba matsala ba ne. A kufai ko tsohuwar kasuwa kuwa, inda kowane taku akwai ƙusa, guntun fartanya da marfin kwalba, za ka wuni kana haƙa tsatsa.

Azurfa ta fi kowane ƙarfe saurin ɗaukar lantarki, kuma ƙaramin firikwensi ya fi dacewa da ita, tsakanin kilohaz 5 zuwa 15. Garrett Ace 300 tana a 8, Nokta Simplex+ a 12, AT Pro a 15, akwai kuma masu aika firikwensi da yawa lokaci ɗaya irin su Vanquish da Equinox na kamfanin Minelab. Abin da za ka duba kafin suna shi ne abu uku: tana nuna lamba a allo ga kowane ƙarfe, ana iya daidaita ta da ƙasa, faifanta kuma, wato zagayen da ake lilawa a saman ƙasa, irin wanda wayoyinsa suka haɗu a tsakiya ne kamar harafin D biyu, domin shi ya fi jure jar ƙasa. In ta hannu za ka saya, ka lanƙwasa wayar da ta sauko daga kai zuwa faifai tana kunne. In ta yi ƙara, wayar ta karye a ciki, kuma nan ne yawancinsu ke mutuwa.

Tambaya daga Ngaundare: Tawa ba ta yin shiru. Da na kunna ta a gona sai ta yi ta kuka, in na haƙa ba komai. Ta lalace ne?

Amsa: Da wuya a ce ta lalace, ɗan'uwa. Ƙasarku ce. Tudun Adamawa jar ƙasa ce mai ƙarfe a jikinta, ga baƙin dutsen da aman wuta ya bari, ga marmara. Na'ura tana jin ƙasar kanta a matsayin ƙarfe, sai an koya mata ta yi biris da ita.

Ga yadda ake yi. Ka fara kashe wayarka ko ka bar ta nesa, ka matsa daga layin wutar lantarki, eriyar waya da injin sola. Ka ɗaga faifan sama daidai ƙugunka. In tana kuka a sama, ba ƙasa ba ce, lantarkin da ke kewaye ne, sai ka rage ƙarfin jinta ko ka sauya tasha in tana da wannan maɓalli. In ta yi shiru a sama, ka nemi wuri mai tsabta da ba ƙarfe, ka danne maɓallin daidaita ƙasa (a jikin yawancinsu an rubuta GB), kana ɗaga faifan kana sauke shi daga santimita 20 zuwa santimita 3, sau shida ko takwas, har ƙarar ta lafa, sannan ka saki. Kuskuren da aka fi yi shi ne daidaitawa a kan ƙusa da ba a san tana wurin ba. Daga nan duk abin da na'urar ta faɗa ƙarya ne. In ka tashi daga jar ƙasa ka shiga fadama, ka sake daidaitawa.

Ƙarfin ji kuma kada ka ƙure shi. Mutane na zaton ƙurewa na ƙara zurfi, alhali a jar ƙasa kamar kunna babbar fitila ne cikin hazo. Ka fara daga kashi biyu cikin uku, ka ƙara kaɗan-kaɗan har ta fara tsiwa, sai ka dawo baya taki ɗaya.

Akwai wani abu da ba a cika tunawa da shi ba. Faifan yana da murfin roba a ƙasa. Baƙin yashi da ƙura kan taru a tsakaninsu, kuma duk lilon da ka yi sai su motsa su sa ta kuka. Ka cire murfin ka wanke duk mako. Wayar ma a naɗe ta da kyau a jikin sandar, kada ta riƙa lilo kusa da faifai.

Tafiyar ita ce rabin aikin. Faifai ya kasance kwance, yatsa ɗaya ko biyu a saman ƙasa, kada ya tashi a ƙarshen lilo. Daga dama zuwa hagu daƙiƙa biyu zuwa uku, kowane lilo ya hau rabin na baya. Mai sauri yakan tsallake fiye da rabin filin bai sani ba. Ka kafa turaku huɗu, mita goma-goma, ka ja igiya, ka gama wannan kafin ka matsa.

Kafin duk wannan, ka yi wa kanka makaranta a bayan gida. Ka binne kuɗin azurfa ɗaya a santimita 10, wani a 20, sannan ƙusa, marfin kwalba, guntun gwangwani da tsohuwar sefa ta alminiyom, kowanne da tazarar mita ɗaya. Ka bi su kullum har kunnenka ya haddace muryar kowanne. A na'urar da ke ƙirga daga 0 zuwa 99, baƙin ƙarfe yana ƙasa, azurfa tana can sama, galibi daga 80 zuwa sama, da ƙara siririya mai tsabta wadda ba ta canzawa ko ta wane ɓangare ka biyo. In ka ji ƙara mai kyau, ka juya ka gicciya ta. Tsatsattsen marfin kwalba yakan yi daɗin ji ta gefe ɗaya, ta ɗayan kuma muryar ta karye. In ka ɗaga faifan kamu biyu sama da ƙasa tana ji har yanzu, babban abu ne, ba kuɗi ba. Alminiyom dai ba yadda za ka yi da shi, lambarsa kusa take da ta azurfa, dole ka haƙa ka gani.

Tambaya daga Marwa: Wane irin kuɗi ne ma ake samu a ƙasarmu, kuma a ina ya kamata a duba?

Amsa: Gara mu faɗa maka gaskiya tun farko, Malam. A zamanin da, kuɗin talaka wuri ne, da ƙyallen saƙi, da musayar hatsi. Azurfa kuɗin fatake ce da sarakuna da adon mata, kuma wanda ya yar da ita yakan koma ya nema har ya gani. Wanda ya ɗauki na'ura don ya ci abinci da ita zai sha wuya. Ana iya yin wata guda ba a ga ko ɗaya ba.

Babbar cikin kuɗin azurfar ita ce liyari, mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya a gaba da mikiya mai kai biyu a baya. Ta Sahara ta shigo, ta hannun fataken Tarabulus da na gabas, ta zama kuɗin manyan ciniki a Borno, Bagirmi, Wadai da Adamawa. Wani Bature matafiyi mai suna Barth ya tarar ana ciniki da ita a kasuwar Kukawa a 1851. Har yau a Larabcin Chadi sefa biyar riyal ɗaya ce, mu kuma mu ce dala, duk gadon manyan kuɗin azurfa ne. Bayanta akwai faran biyar na Faransa, giram 25, faɗi milimita 37, da ƙananan faran ɗaya masu hoton mace mai shuka, giram 5, waɗanda aka buga daga 1898 zuwa 1920. Akwai mak ɗin Jamus, giram 5.5 da ɗan ɗori, daga zamanin da Jamusawa suka riƙe Garwa da Marwa har Garwa ta faɗi a 1915, Mura kuma a 1916. Ta wajen iyakar Najeriya ana samun sule da fataka masu hoton sarkin Ingila. Na 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, daga 1920 aka koma tagulla. Kuɗin da Faransa ta buga wa Kamaru a 1924 zuwa 1926 rawaya ne, ba azurfa a ciki.

Wurin dubawa shi ne inda kuɗi ya riƙa sauya hannu ko inda mutane suka riƙa sunkuyawa: tsohuwar kasuwar da ta tashi, zangon fatake, mashigin kogi, bakin tsohuwar rijiya, gindin tsamiya ko kuka da aka san ana zama. Taswirar wannan tana bakin tsofaffi. Ka zauna da dattijan gari ka tambayi inda kasuwa take kafin ta koma bakin titi, da hanyar da ayarin jakuna ke bi. A ƙasa kuma ka duba tsingaro, toka, kashin maƙera da dutsen niƙa.

Lokaci mafi kyau shi ne bayan ruwan farko, ƙasa ta jiƙa ba ta yi caɓi ba, ko bayan girbi kafin ta ƙeƙashe. Damshi yana ƙara zurfin ji. Baƙar lakar karal da ake dasa masakwa a kai tana da nata hali: da rani takan tsage, ƙaramin abu ya faɗa cikin tsagar ya yi nisa, shi ya sa gefen tudu mai yashi ya fi ta amfani. Da bazara ka fita bayan asuba ka dawo kafin hantsi ya yi zafi, domin allon na'ura kan yi baƙi a rana, batir ma ya yi saurin sauka.

In ka tabbatar da wuri, kada ka sari tsakiya. Ka yanka da'ira kamu ɗaya kewaye da shi, ka ɗago ƙasar ka zuba a kan buhu, ka bi ta da na'ura. Bakin dagi ɗaya a fuskar kuɗi ya rage masa daraja har abada. Ka mayar da ƙasa ka take, ka kwashe tsatsar da ka tono, saboda ƙafar shanu da ta yara.

Duk wannan bayan izini ne: na mai gona, na jauro ko lawan ko bulama, kuma a yanayin tsaron da ake ciki, jandarmomin yankin su san da kai. Maƙabarta ba a taɓa ta. Tuddan mutanen Sau, tsohuwar al'ummar da ta zauna a yankin, da ke bakin kogunan Logon da Shari, irin na Gawi kusa da Njamena da na wajen Gulfe da Makari, doka ta kare su, kuma sun girmi liyari da ɗaruruwan shekaru, ba azurfar da za ka samu sai ɓarnar tarihin da ba ya gyaruwa.

Tambaya daga Kusuri: Na'ura ta yi ƙara mai ƙarfi a bayan gari. Na tona kamu ɗaya sai na ga wani ƙarfe mai tsatsa, dogo, da fukafukai a gindi. Na rufe na tafi. In koma in ciro shi?

Amsa: Don Allah kada ka koma, ɗan'uwa, kuma kada ka aiki kowa. Abin da ka kwatanta siffar harsashin igwa ne ko roka da bai fashe ba. Tsufa da tsatsa ba sa kashe shi, ƙara masa saurin tashi suke yi. Ka sa alama daga nesa da duwatsu ko ƙaya, ka gaya wa bulama da jandarma yau ɗin nan, a hana yara da makiyaya bi ta wurin. Kada a ƙona shi, kada a jefe shi, kada a kai wa masu sayen tsohon ƙarfe.

Wannan gargaɗi na kowa ne. An yi yaƙi a Njamena da kewayenta a 1979 da 1980, an sake a 2008. Borku, Ennedi da Tibesti suna ɗauke da nakiyoyin yaƙin Chadi da Libiya har yau, musamman wajen Faya, Fada da Wadi Dum. A Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga da gaɓar Tafkin Chadi ana binne bama-bamai a hanya. Waɗannan wurare ba na neman kuɗi ba ne ko kaɗan. A ko'ina kuma, in ka ga waya, roba ko ƙarfe mai siffar kwalba a rami, ka ɗauke hannu ka koma ta sawun da ka zo.

Tambaya daga Njamena: Ni mace ce. Muna gyaran ɗakin kakata sai muka sami manyan kuɗi huɗu a cikin bango, sun yi baƙi, an rubuta 1780. Wani ya ce kowanne zai sayi gida. Yaya zan san na gaske ne, kuma da me zan wanke su?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan kaka. Liyari ce kika samu. Game da 1780, ita ce shekarar da sarauniyar ta rasu, kuma saboda 'yan kasuwa ba sa karɓar wadda aka sauya wa fasali, aka ci gaba da buga ta da wannan shekarar. An buga a Biyana, Landan, Paris, Roma, Bombay da wasu wurare, sama da miliyan 300, kuma Ostiriya na bugawa har yanzu. Saboda haka yawancinsu darajarsu ita ce ta azurfar da ke ciki da ɗan ƙari. Ba za ta sayi gida ba. Wanda ya faɗa miki haka, ki yi hattara da shi, domin irin wannan magana ce ke zuwa kafin a ce ki kawo kuɗin gwaji ko na takarda.

Gwaji kuwa a gida za ki yi. Ki aro ƙaramin sikelin masu sayar da zinariya. Cikakkiyar liyari giram 28 ce, wadda ta sha hannu takan sauka zuwa 27 da rabi. Faɗinta kusan milimita 40, kaurinta biyu da rabi, a bakinta kuma akwai rubutu mai tudu, ba sumul take ba. Ki kara mata mayen ƙarfe: in ya kama, jabu ce, amma rashin kamawa bai isa hujja ba, don tagulla da dalma ma ba ya kama su. Ki ɗora ta a kan yatsa ki ɗan buga gefenta da wata. Azurfa tana amo mai tsawo kamar ƙararrawa, ta dalma kuwa sai ki ji ƙwal, ta mutu.

Gwajin ruwa ya fi duka. Ki ɗora kofin ruwa a sikeli ki mayar da shi sifili. Ki ɗaure kuɗin da zare ki nutsar da shi duka, kada ya taɓa gindi ko gefe. Liyari ta gaske za ta nuna kusan giram 2.75. Ki raba nauyinta da wannan lamba, amsar ta faɗo kusa da 10.2. In ta sauko 8 da rabi ko 9, tagulla ce aka shafa wa ruwan azurfa. Kashi 833 cikin dubu na liyari azurfa ce, wato giram 23.4 a kowace ɗaya. Da wannan za ki yi lissafi in kin je wurin maƙerin farfaru, kuma ki tambayi biyu ko uku kafin ki saki.

Wanki shi ne inda aka fi yin asara. Toka, yashi, soson ƙarfe, man goge mota, ruwan batir, duk suna cinye fuskar kuɗi, kuma masu tara tsoffin kuɗi sun fi son baƙin nan da ƙyalli. Ki jiƙa su kwana ɗaya a ruwa mai tsabta da ɗan sabulu, ki ɗauraye, ki dangwala da auduga, kada ki murza. In ado kike so ki yi da su, ga hanyar da ba ta kankare komai: ki shimfiɗa takardar alminiyom a cikin roba, ki zuba ruwan zafi rabin lita da babban cokali ɗaya na dakakkiyar kanwa ko bikarbonat, ki sa kuɗin ya taɓa takardar. Cikin 'yan mintuna za ki ji wari irin na baragurbi, baƙin ne ke barin azurfa. Ki juya ɗaya gefen, ki ɗauraye sosai, ki shanya. Wadda ta yi ɓawo mai ruwan toka, irin na ƙasa mai gishiri, wannan hanya ba ta cire shi, ki bar ta yadda take. Ki naɗe kowace a farar takarda daban. Kada ki ɗaure su da roba mai talewa, ita ke sa su baƙi. Wadda aka huda ko aka liƙa wa kunne don kitso ko sarƙa, masu tarawa ba sa biyanta da tsada, amma azurfarta tana nan.

Tunda a bangon kaka suka fito, kafin maganar sayarwa akwai maganar magada.

Tambaya daga wani manomi a wajen Gidar: In Allah ya sa na ci karo da tukunyar kuɗi a gonar da nake aro, ta wace ce?

Amsa: Baba, malamanmu na Malikiyya sun raba abin gida biyu. Dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne ita ce rikazi, ana fitar da humusi, wato ɗaya bisa biyar, saura kuma in ƙasar tana da mai ita, nasa ne. Abin da alama ta nuna Musulmi ne ya binne, hukuncin tsintuwa ne, sai an yi cigiya shekara guda. Liyari da faran a ƙasarmu ba su wuce zamanin kakanni ba. Da yawa an binne su ne lokacin gudun yaƙi, irin na zamanin Rabe da aka kashe a Kusuri a 1900, kuma sau da yawa jikokin masu kufan suna nan a gari na gaba. Ka kai maganar gaban malami da mai gonar tare. Ga mai neman da na'ura, a yi yarjejeniyar rabo gaban shaidu kafin a kunna ta.

Hukuma ma tana da nata. A Kamaru dokar kare kayan tarihi ta 18 ga Afrilu 2013 ta hana tono don neman kayan tarihi ba da izini ba, kuma abin da aka ci karo da shi ana sanar da hukuma, ta ofishin ma'aikatar al'adu na jiha. Chadi tana da irin wannan doka tun 1960. In tukunya ce, kada ka fasa ta, kada ka juye. Ka ɗauki hotonta a inda take. Tukunyar da yadda aka jera kuɗin, da mafi sabunta a cikinsu, su ke nuna lokacin da aka binne.

Tambaya daga Ngaundare: An kawo mini wata na'ura mai eriya biyu, an ce tana hango azurfa daga nisan kilomita da zurfin mita goma. In saya?

Amsa: Kada ka saya, Alhaji. Ba na'urar hannu da ke yin haka. Na'ura ta gaske takan ji ƙaramin kuɗi a santimita 20 zuwa 25, liyari a wajen 30, tukunya cike kuwa rabin mita ko fiye kaɗan, kuma sai faifan ya bi ta kansa. Eriyar nan motsin hannun mai riƙe da ita take bi. In mai sayarwa ya nace, ka sa wani ya binne kuɗi a ɗaya daga ramuka goma, ba a gabansa ba kuma ba a gabanka ba, ka ce ya nuna ramin sau biyar a jere.